Igiyar Tabarmar Arzika

A Dosso na fara jin haushin yayana, Allah ya yafe mini. Kamiyon da ya kwaso mu daga Birnin Konni ya tsaya shan ruwa, kowa ya dira ya nufi masu tuwo, shi kuwa Arzika sai da na sauko da shi kamar buhun gero, na jingina shi da taya, ya buɗe baki yana haki. Mutane suna kallo. Ni kuma ina sanye da wando mai guga da farar riga, ina jin kunyar a ce wannan mai kumburarrun ƙafafu ɗan'uwana ne, ciki ɗaya. Na fara da wannan ne don mai karatu ya san irin mutumin da ke ba shi labari.

Sunana Isuhu. Gidanmu a Tajaye gidan mahaƙa rijiya ne tun kaka da kakanni. Daga garinmu har Malbaza da ƙauyukan Alela, rijiya kaɗan ce babu hannun gidanmu a cikinta. Arzika ya girme ni da shekara tara, shi ya gaji diga da igiya bayan rasuwar Baba. Ni aka ɗauka aka sa lakwal, makarantar boko, a Illela. Na yi shekara shida, na faɗi jarrabawar fita, amma na tsira da Faransancin da ya ishe ni zama a bakin gidan waya na Konni ina rubuta wa mutane wasiƙa. Rijiya sau ɗaya na taɓa shiga, ina ɗan shekara sha biyu. A zurfin gaba shida na ɗaga kai na ga sama ta koma kamar bakin tulu, na yi ta ihu har aka jawo ni. Tun ranar Arzika ke kirana Mushe, yadda muke kiran malaman lakwal.

Bayan shekarun fari, lokacin da kowane gari ke roƙon a zurfafa masa rijiya, ciwon ya kama shi. Ya fara fitowa daga rami yana tari, daga baya ƙafafu suka kumbura, barci ya gagare shi sai a zaune. Rijiyar unguwarmu da ya soma ta tsaya a gaba goma sha huɗu, babu ruwa, mata suna tafiya mai nisa da tuluna. Majo, babban ma'aikacin jinya na asibitin Konni, ya saurari ƙirjinsa ya ce wata ƙofa ce cikin zuciya ta tsuke. A Yamai aka ce ba a yin irin aikin a ƙasarmu, sai Abijan. Abu biyu aka faɗa mini kafin mu taso, kuma su na ɗauko a kaina fiye da kaya. Inna ta ce, “Isuhu, can ba mai jin Hausa. Kai ne bakinshi, kai ne kunnenshi.” Kawu kuma ya ce a gaban dattawa, in Arzika bai sake shiga rijiya ba, to ni zan ajiye alƙalami in kama diga, don sana'ar gida ba ta mutuwa da ɗa namiji a raye.

A Wagadugu aka cuce mu, kuma girman kaina ne ya jawo. A tashar jirgin ƙasa wani mutum mai hular ma'aikata ya tare ni da Faransanci mai daɗi, ya ce bai kamata mara lafiya ya shiga taragon talakawa ba, shi zai samo mana kujera. Arzika yana zaune a kan tabarmarmu da ke ɗaure da igiya, ya ja mini gefen wando.

“Mushe, mutumin ga idonshi bai tsayawa wuri guda.”

“Yaya, ka bar mini harkar birni,” in ji ni.

Takardun shiga jirgin da mutumin ya kawo bayan ya karɓi kuɗinmu an riga an huda su, wasu sun yi tafiya da su tun jiya. Da kyar muka samu shiga taragon ƙarshe, tsakanin tumaki da buhunan albasa, babu ko wurin miƙe ƙafa. Arzika ya takure a gefe ɗaya. Da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

A cikin taragon nan akwai wata tsohuwa Bamosa, ’yar ƙabilar yankin Wagadugu, mai sayar da man kaɗe. Ba ta jin Hausa, ba ta jin Faransanci. Ta dubi yadda yayana ke numfashi, ta tashi ba ta tambayi kowa ba, ta jera ƙullin kayanta biyu, ta ɗora na uku a kai, ta yi masa majingini daidai yadda mai irin ciwonsa ke so, ba kwance ba, ba zaune sosai ba. Daga nan na gane ta taɓa jinyar wani nata. Ita ta zauna a ƙasa kusa da tumaki. A Bobo ta sayo lemo ta ɓare masa. A Buwake ta sauka, amma kafin ta kwashe kayan sai da ta jawo buhun albasar wani ta maye gurbinsu, mai albasa yana masifa tana mayar masa da yarenta. Ban san sunanta ba. Ina sa ta a addu'a har yau, ina cewa Allah ya saka wa mai man kaɗe.

Abijan ta tare mu da iska mai nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo. Ruwa dama, ruwa hagu, gada a kan ruwa. Arzika ya duba ta tagar mota ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

“Mushe, garin ga mahaƙi yunwa ka kashe shi.”

Muka sauka a unguwar Tareshbil wajen Ɗan Ige, wani mutumin Malbaza da ke gadin shagon katako. Su tara ne a ɗaki ɗaya, duk ’yan cin rani. Suka matsa suka ba Arzika kusurwar bakin ƙofa inda iska ke shigowa. Mako uku muka yi muna zarya asibiti kafin a ba mu gado: yau a ce mu je a ɗauki hoton ƙirji, gobe a ce mai hatimi bai zo ba. Abinci kuwa garin rogo da kifi, safe da yamma. Arzika ya daina ci. Wata rana ya ce da zai samu fura ko ludayi ɗaya da ya ji ya koma mutum. Ɗan Ige ya taka da ƙafa har kasuwar Ajame ya nemo gero da nono wajen Fulani, ya ari turmin maƙwabta. Ƙato da gemu yana daka a tsakar gida, matan gidan suna tafa hannu suna yi masa dariya.

“Ku yi ta dariya,” in ji shi. “Ranar da kewar garinku ta kama ku, ni zan ba ku aron turmi.”

Likitan da ya karɓe mu matashi ne siriri, ɗan ƙasar, mai tabarau, mai magana a hankali. Ya hana gishiri da kanwa, ya ba da ƙwayoyi. Cikin kwana goma kumburin ya sauka, Arzika ya fara zagaya barandar asibiti da ƙafarsa. Sai likita ya kira mu ofis ɗinsa ya ce hanya biyu ce. Ta farko, ya koma gida da ƙwayoyi, zai yi tafiya, zai yi hira, amma diga da rami sun ƙare masa, kuma ciwon zai ci gaba da cinsa sannu a hankali. Ta biyu, a buɗe ƙirji a faɗaɗa ƙofar. In an dace zai koma aikinsa. In ba a dace ba, ba zai tashi daga teburin ba.

“Zuciyarsa ina ganinta a hoto,” in ji likita da Faransanci. “Abin da ba na gani shi ne nauyin da kowace irin rayuwa take da shi a wurinsa. Wani zaman gida daidai yake da kabari a gare shi, wani kuwa ko a jikinsa. Shi ya sa nake aunawa kafin in ba kowa shawara.”

Ya jawo kwano mai ƙwayar wake goma farare. Ya cire ɗaya ya sa baƙi. Ya ce in gaya wa yayana: farin wake warkewa ce sarai, baƙi mutuwa. In aka ce ya rufe ido ya ɗauki ɗaya, zai ɗauka, ko ya gwammace ya tafi da ƙwayoyinsa ya haƙura da rijiya?

Wannan na fassara daidai, kalma da kalma. Arzika ya dubi kwanon ya kau da kai.

“Ce mishi ni ban caca. Kwana na Allah ne.”

A nan Shaiɗan ya same ni a shirye. Bakin tulun nan na gani, da duhun gaba shida, da fuskar Kawu. Na juya wajen likita na ce, “Ya ce zai ɗauka.”

Likita ya cire wani farin ya ƙara baƙi. Biyu ke nan.

“Mi kuma ya ce?” in ji Arzika.

“Tambaya ɗaya ce, Yaya.”

“Wanga yaro likita ne ko mai saida wake?”

Na ce wa likita zai ɗauka. Baƙi uku, na ce zai ɗauka. Huɗu, haka. Da suka kai biyar, rabi da rabi, likita ya cire tabarau ya dubi yayana, wanda a lokacin ya shagala da kallon fankar da ke juyawa a sama. Don in rufe ƙofar gaba ɗaya na ƙara da abin da Arzika bai taɓa faɗa ba tun da uwarmu ta haife shi. Na ce, “Ya ce in ba zai sake shiga rijiya ba, gara ya mutu.”

Likita ya daɗe yana rubutu. Ya ce ciwon ya yi nisa, zuciyar ta gaji, haɗarin aikin a jikin yayana ba ƙarami ba ne. Da wani ne da ya sallame shi da ƙwayoyi. Amma mutumin da ke ganin rayuwarsa haka, bai dace a hana shi damarsa ba. Zai kai maganar gaban manyansa. Bayan kwana biyu aka sa rana, Talata ta sama.

A baranda Arzika ya tambaye ni yadda aka ƙare. Na ce likita ya ce aiki dole ne.

Ya dube ni. “To,” in ji shi. “In dole ce, Allah shi sa a dace.”

Kwanakin da suka biyo baya na yi su ina gina wa kaina hujja. Na ce ai don shi na yi. Na ce ai shi bai san ciwon kansa ba, ni na yi karatu. Na ce ai matan unguwa na jiran ruwa. Kowace hujja in na ɗora ta sai ta rushe da na tuna ba ɗayansu ne ya motsa harshena ba. A gadon da ke kusa da nasa akwai wani dattijo ɗan Mali da suke gaisawa da hannu. An shiga da shi aiki ranar Alhamis. Ranar Juma'a na tarar an naɗe katifar. Ban tambaya ba. Na fita na zauna a gindin wani mangwaro har la'asar, amma duk da haka ban faɗi gaskiya ba. Wannan ma ina so a rubuta mini shi cikin laifina.

Ranar Lahadi bayan azahar ya ce in kawo takarda da alƙalami, zai aika wa Inna saƙo ta hannun wani mai komawa gida. Muka zauna a baranda. Shekara huɗu ina rubuta wa baƙi wasiƙa a Konni, ban taɓa sauya wa kowa kalma ɗaya ba, da wannan nake alfahari. Ya fara da gaisuwa, ya bi dangi ɗaya bayan ɗaya. Ya ce an ba mu fura a Abijan. Ya ce in Allah ya yi nasa ikon ranar Talata, a ba Nomau, abokin aikinsa, babbar diga, ƙaramar a ajiye wa ɗansa. Ya ce a rufe bakin rijiyar unguwa da itace kada akuya ta faɗa.

“Rubuta kuma,” in ji shi, “a gaya ma Kawu, ni Arzika na ce kada a tilasta ma Isuhu shiga rijiya. Mai tsoro in ya shiga rami, kanshi yake kashewa, ya kashe na sama da baƙin ciki. A bar shi ga alƙalaminshi. Ba kasawa ba ce, kowa da inda Allah ya aje shi.”

Alƙalamin ya tsaya. Na ga tawada tana yaɗuwa a takarda, ban san hawayena ne ba sai da ya ɗiga a hannuna.

“Yaya, likita bai ce dole ba.”

Na faɗa masa duka, tun daga wake na farko har maganar da na ƙaga. Ina jira ya ɗaga hannu ya mare ni. Sai ya gyara zama ya ja numfashi.

“Na sani.”

“Ka sani?”

“Mushe, ban yi lakwal ba, amma na yi ma Nasara aikin rijiya a Malbaza. Na san yadda suke cewa i. Sau biyar ka faɗe ta. Ni kuwa ko sau ɗaya ban ce i ba.”

“To mi ya hana ka magana?”

“Da wane baki? Kai ne bakina.”

Ban taɓa jin duka mai zafin wannan ba. Na ce gobe da safe zan je in gaya wa likita. Ya ce in na ji kunya ba sai na je ba, tunda an riga an sa rana. Na ce zan je ko da jandarma za a kira mini.

Ranar Litinin na riga masu shara isa ƙofar ofis. Na faɗa da Faransancina na ɗan aji shida, ban ɓoye dalilina ba. Likita bai ɗaga murya ba. Ya ajiye alƙalami ya ce, “Ka san abin da ka kusa sa hannuna ya yi?” Na ce na sani. Ya ce ba zai ƙara yarda da fassarata ni kaɗai ba, in nemo wani. Na ruga Tareshbil na taso Ɗan Ige daga barcin mai gadi. Faransancinsa na kasuwar katako ne, amma ya isa ya kama maƙaryaci.

“Ka kuskure ko harafi,” in ji shi a hanya, “in fasa maka kai da taɓarya.”

Likita ya sake jawo kwanon wake. Arzika ya ɗaga hannu.

“Ce mishi ya kai ma matatai ta dafa. In awo yake so, ni ma ina da abin awo.”

Ya sa na ɗauko tabarmarmu daga ƙarƙashin gado. Ya kwance igiyar da muke ɗaure ta, guntuwar tsohuwar igiyar rijiya ce ta rama, ta yi santsi don hannu. Ya auna ta da taƙi, ya yi goma, ya naɗe ragowar. Ya ba ni kan sama ya ce in ɗaga, ƙarshen yana lilo kusa da ƙasa.

“Nan bakin rijiya ne,” in ji shi, ya taɓa wajen hannuna. “Iska, haske, lahiyar da nake da ita ina ɗan ashirin. Can ƙasa gindi ne. Mu kan saukar da fitila kafin mutum ya shiga, inda ta mutu, nan numfashi ya ƙare. To ya tambaye ni kowane irin zama, in nuna mishi inda yake.”

Na fassara. Ɗan Ige ya gyaɗa kai. Likita ya jawo kujerarsa gaba.

Ya fara da mutumin da ke zuwa kasuwa da ƙafarsa, yana ɗan aiki, amma in ya hau tudu sai ya tsaya ya huta. Arzika ya yi ƙulli taƙi biyu ƙasa da baki. Sai likita ya kawo wadda ita ce tambayar gaske: mutumin da ba zai ƙara riƙe diga ba, ba zai ƙara shiga rami ba har abada, sai zama da shan ƙwaya. Ni da na ce gara ya mutu, na zaci ko yaya zai kai shi tsakiya.

Taƙi uku ya sauka ya ƙulla. Kusa da na farko, taƙi ɗaya ne tsakaninsu.

Likita ya ce a sake tambayarsa, ko bai gane ba. Ɗan Ige ya maimaita da kansa.

“Na gane sarai,” in ji Arzika. “Ce mishi wanda ke cikin rami hannu ne kawai. Mai rijiya shi ne na baki. Shi ka shinshina ƙasar da aka fiddo ya san ruwa ya kusa ko dutse ne gaba. Shi ka duba bango ya ce a tsaya a ɗaure kafin ya rufta. Ran na ƙasa a hannunshi yake. Babanmu shekara goma ya yi zaune a bakin rijiya da ciwon gwiwa, kuma a shekarun nan ne ba mu rasa mutum ko ɗaya ba. Diga ban kewarta. Wa ka kewar diga?”

Ɗan Ige ya tuntsire da dariya, likita ma ya murmusa da aka fassara masa.

Da aka zo kan mutumin da ba ya iya fita gida, salla ma sai a zaune, fuskar Arzika ta sauya. Ya sauka har taƙi shida ya ƙulla. Ya ce a makonnin da kumburi ya hana shi kai goshi ƙasa, wannan ya fi tarin ci masa rai. Wanda kuma ke kwance sai an juya shi, sai an kai shi bayan gida, ya ƙulla shi taƙi ɗaya sama da gindi. Ya ce ya bar masa taƙin nan ne don har yanzu yana jin muryar ’ya'yansa.

Likita ya zaci an gama. Sai Arzika ya sunkuya ya ɗora yatsa a kan siminti, ƙarƙashin inda igiyar ta ƙare.

“Akwai guda da bai tambaya ba. In mutu nan, a bizne ni cikin ƙasar da ban san warinta ba, Inna ta samu takarda. Wanga igiya ba ta kai gare shi.”

Sai likita ya taso ya kama igiyar da kansa. Ya ce in faɗa masa ba ragi: ƙwayoyi ba za su tsayar da shi a ƙulli na biyu ba. Zai sauka zuwa na uku, daga nan na huɗu, ba wanda ya san shekara nawa. Aiki kuwa, in an dace, zai iya mayar da shi kusa da baki. Na fassara duka, har da abin da ya fi ƙarfafa aikin, don kada in sake karkata ma'auni ta ɗaya gefen.

“Na ji,” in ji Arzika. “Na saukar da mutane da yawa da igiya, ban taɓa jefa kowa ba. A saukar da ni sannu, a gida.”

Likita ya soke ranar Talata. Ya ɗauko ma'aunin ƙarfe ya auna tsakanin ƙullin ya rubuta a littafinsa, sannan ya roƙi a bar masa igiyar.

“In ɗaure tabarma da mi?” in ji Arzika.

Ranar da muka je sallama na ga wata farar igiya rataye a jikin teburinsa, an yi mata alama goma da jan alƙalami. Kwanon wake yana nan, amma ya koma saman kabad. Ya rubuta mana takarda zuwa ga majo na Konni don ƙwayoyi. Ni bai ba ni hannu ba sai da na kai ƙofa, sannan ya kira ni ya ba ni.

Wasiƙar nan ba a aika ta ba. Da muka iso Tajaye Arzika ya ce zai faɗa wa Kawu da bakinsa a ƙyale ni. Na ce ya bari. Ba wai tsoron ya tafi ba ne. Na dai ga abin da tsoron nan ya kusa saya da ran ɗan'uwana, na ce ba zan ƙara ciyar da shi ba. Na je Konni na ba wani teburina, na dawo.

Bayan girbi muka buɗe rijiyar unguwa. Aka shimfiɗa wa Arzika tabarma a bakinta, aka kafa masa rumfar zana. Nomau da mutum uku suka riƙe igiya, aka saukar da fitila ta dawo da wutarta, sannan aka ɗaura mini. A gaba shida na ɗaga kai. Bakin tulun yana nan yadda na bar shi. Na buɗe baki zan yi ihun da na yi ina yaro, sai na ga kai ya leƙo ya tare rabin hasken.

“Mushe! Mi kake nema sama? Aiki na ƙasa. Dubi bango, ƙidaya sawun digata har ka kai.”

Na ƙidaya. Na kai. Na yi amai a gindin rijiya, na rufe da ƙasa, na ɗauki diga. Kwana talatin da ɗaya ina shiga, kullum sai na ji tsoro, kullum sai na shiga. Kowane guga ya fito sai ya ɗebi ƙasar ya murza ya kai hanci. A gaba goma sha tara na ji ya daina ba da umarni. Can sai muryarsa ta sauko.

“Isuhu, sassauta hannu. Ka iso.”

Ranar ce ya koma kirana da sunana.

Damina biyar ya yi bayan dawowarmu. Rijiya bakwai muka gama, ni a ƙasa, shi a baki. Ya sauka yadda likita ya faɗa, daga ƙulli zuwa ƙulli. Ban sani ba ko da an yi aikin da yanzu yana nan da ransa, ko kuwa da mun baro shi a Abijan. Wannan sanin na Allah ne. Abin da nake neman gafara a kai ba sakamako ba ne, ƙaryar ce.

A makonsa na ƙarshe, da hantsi, ya ce in miƙo masa igiyar tabarma daga inda take rataye. Masu zuwa dubiya duk suna ce masa ya ji sauƙi, fuskarsa ta yi kyau. Ya jira suka fita. Ya ba ni kan sama, kamar a ofis ɗin likita.

“Kai ka ganina daga waje. Ina nake?”

Harshena ya so ya bi na masu dubiya. Na bi igiyar da hannu, na wuce ƙulli na farko, na wuce na biyu, na wuce na uku, na tsaya a na huɗu na riƙe.

Ya duba, ya gyaɗa kai.

“Nan nake ji ni ma,” in ji shi. “Saura taƙi guda. Ɗage mini asabarin ƙofa, in ji mata na jan ruwa.”